Ƙaramar sola, tubula ko lithiyam: wacce za ka saka a gida ko shago?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, janareta ya tashi daga abokin zama ya koma abokin gaba. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuwa ta tsallake dubu. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta mayar da yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Sai ga Oktoban shekarar, layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka samu matsala, jihohi da dama suka shafe sama da mako guda a duhu. Daga nan mutane suka daina tambayar ko a saka sola. Abin da ake tambaya yanzu shi ne wace iri.

A nan ake ruɗewa. Ka kira masu sakawa uku, kowa ya rubuto maka takardar kuɗi, ta wani ta ninka ta wani sau uku, kuma kowannensu ya rantse tasa ce za ta ɗauke gidan kaf. Ni sai da batura huɗu suka mutu a hannuna kafin na gane inda gizo ke saƙa. Farantin da ke kan rufi, wanda maƙwabta ke gani su ce wane ya saka sola, shi ne mafi sauƙin al'amarin, don yakan yi shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Kuɗi da ciwon kai duk suna wurin ajiyar wutar, wato batir. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, fara tambayar kanka: wutar nan, da rana nake shan ta ko da dare?

## Ma'aunin da za mu auna da shi

Abu na farko shi ne yawan wutar da kake sha, a lissafin yunit, irin wanda mita ke ci idan ka sa mata kati. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ɗauki biro ka zagaya gida. Fankar sama irin ta da tana cin kusan wat 70, idan uku suka kwana suna juyawa awa 10, yunit 2.1 ke nan. Ƙwan fitila takwas masu wat 10 na awa biyar, 0.4. Talabijin na awa huɗu, kusan 0.3. Matsakaicin firji yana cin yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yini da kwana, ka bar wa dare rabi. An tashi wajen 3.5. Ƙara abin da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin wadda kayan gida ke sha, ke ci wa kanta, ka kira shi 4. Wannan lamba ta dare ita ke yanke girman batir.

Lambar yini da kwana gaba ɗaya kuma ita ke yanke yawan faranti. A rana irin ta Kano ko Sakkwato, faranti mai wat 550 yana ba da yunit 2 zuwa 2.5 a yini, bayan an cire abin da zafi da ƙura da waya suka ci. Gidan da ke shan yunit 7 ko 8 yana buƙatar irinsa huɗu.

Duk abin da ke ɗumama wani abu ka ware shi gefe guda. Dutsen guga, hita da butar lantarki kowanne yana cin wat 1,000 zuwa 2,000. Na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, ita kaɗai tana iya shanye yunit 5 zuwa 7 a dare ɗaya, fiye da duk sauran kayan gidan a haɗe.

Abu na biyu kuɗi, amma kuɗi biyu ne: wanda za ka zaro yau, da wanda za ka kashe daga yau zuwa shekara goma. Farashin kayan sola yana bin dala, na wannan wata ba na wancan ba ne, don haka zan kwatanta zaɓuɓɓukan da junansu, kai kuma ka sa lambobin da ka tarar a kasuwa. Sauran ma'aunan su ne juriyar kayan a zafin bazara, yawan hidimar da suke nema, haɗarin da ke tattare da su, da kuma ko gidan naka ne ko na haya.

## Ƙaramar sola ta ɗauka-ka-tafi

Wannan ita ce wadda kamfanoni irin su Sun King da d.light da Lumos ke sayarwa a kwali guda: ƙaramin faranti, batir a rufe cikin akwati, fitilu uku ko huɗu, wurin cajin waya, wani lokaci da fanka ko talabijin nata na musamman. Akwai kuma manyan akwatunan wuta masu batirin lithiyam da inbata a ciki, waɗanda ake cajawa da faranti ko da wutar Nepa, a ɗauka da hannu.

Ita ce mafi araha a shiga, musamman da yake ana iya ba da kafin alƙalami a riƙa biyan sauran kaɗan-kaɗan. Sai dai ka zauna ka tara jimillar biyan, za ka ga ya ɗara kuɗin hannu sosai, kuma ranar da ka makara na'urar tana kulle kanta, ka koma duhu da faranti a kan rufi. Ba ta buƙatar injiniya, ba ta buƙatar hidima, haɗarinta kaɗan ne. Iyakarta ita ce ba ta girma. Ranar da uwargida ta ce a sayi firji, ba abin da za ka ƙara mata, sabon lale za ka yi. Batirinta kan yi shekara uku zuwa biyar, kuma idan ya gaji galibi sai an koma wa kamfanin.

## Inbata da batirin tubula

Wannan ita ce solar da yawancinmu muka fara sani: farantai, inbata, da dogayen batura masu ruwa jere a kan katako. Batirin tubula mai lamba 220Ah a bolt 12 yana ɗauke da yunit 2.6 a rubuce. Amma tubula batirin dalma ce, shi kuwa ba a shanye shi. Idan kana so ya daɗe, rabi za ka sha ka bar masa rabi, wato yunit 1.3 ne naka. Mai tubula biyu yana da yunit 2.6 na dare, mai huɗu yana da kusan 5.3. Koma kan lissafin gidan nan mai yunit 4: biyu ba za su kai shi asuba ba sai an zurfafa musu, zurfafawar kuwa ita ke kashe su.

Nawa a ƙarƙashin matakalar bene aka jera su, wani lungu mara taga, don kada su ɓata falo. A watan Afrilu in ka buɗe ƙofar wurin sai hucin zafi ya doke ka kamar tanda. Ruwansu ya ja baya ban lura ba, yaron gida da na ce ya duba ya ɗura musu ruwan leda, a ganinsa ai ruwa mai tsabta ne. Ga guga da ake yi da sassafe kafin rana ta fito. Shekara biyu ba ta cika ba inbata ta fara kuka da ƙarfe ɗayan dare, fankoki su tsaya, yara su farka suna gumi. Da na kira wanda ya saka, ya leƙa lungun ya girgiza kai, ya ce, “Yallaɓai, waɗannan ba mutuwa suka yi ba, kashe su aka yi.” Na ji haushi, amma gaskiyarsa. Abin da ya manta shi ne shi ya zaɓi lungun.

Ƙa'idar da masu ƙera batirin dalma ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana cinye rabin rayuwar batir. Mu kuma a bazara digiri 40 muke hayewa. Shi ya sa tubular da ake cewa tana shekara huɗu ko biyar take ƙarewa a biyu ko uku a gidaje da yawa. Tana son wuri mai iska, tana son a duba ruwanta duk wata a ƙara mata ruwan batir na gaskiya, tana son a cika ta fal a kai a kai, don idan ta daɗe a rabi-rabi farantan dalmar da ke cikinta suna yin ɓawon da ba ya fita. Tana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, saboda haka ba a kwana da ita a ɗaki, ba a kunna ashana kusa da ita. Ba a kuma haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. In ɗaya ya mutu cikin huɗu bayan shekara biyu, kusan dukansu za ka sauya.

Duk da haka ba zan raina ta ba. Ita ce ke ba talaka damar farawa da batir ɗaya ko biyu. Kowane gari akwai mai gyaran da ya san ta. Tana jituwa da kowace tsohuwar inbata. Mataccen batirinta ma kuɗi ne, masu saye suna aunawa su biya, wasu dillalan ma suna karɓar tsoho su rage maka kuɗin sabo. Sai dai kada a bar shi a tsakar gida yara na wasa a kai, kada kuma a fasa shi a unguwa. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani.

Akwai ƙanenta busasshen batir, wanda ba a zuba wa ruwa. Rashin hidimarsa yana jan hankali, amma ga gidan da ke shan batir kowane dare a zafin nan namu, yakan riga tubula mutuwa.

## Inbata ta zamani da batirin lithiyam

Batirin lithiyam da ya fi yawa a kasuwa shi ne mai bolt 51.2 da 100Ah, akwati guda da ake maƙalawa a bango, mai ɗauke da yunit 5.12. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa kullum ba tare da an cutar da shi ba, wato yunit 4.1 zuwa 4.6. Ka ga ke nan shi kaɗai yana tsayawa kusa da tubula huɗu. Nauyinsa bai kai kilo 60 ba, alhali tubula ɗaya tak ta kusa hakan. Yana cika da sauri, kuma wutar da ke salwanta tsakanin shiga da fita kaɗan ce, wajen kashi 5, inda dalma ke zubar da kashi 15 zuwa 20. Wannan bambanci yana fitowa fili a watan Agusta, lokacin da rana ke leƙowa awa uku ta ɓuya: lithiyam ya kwashi rabonsa, tubula tana nan tana jan ƙafa.

Masu ƙera shi suna rubuta cewa yana jure cika da saukewa sau 3,000 zuwa 6,000. Ko ka ɗauki ta ƙasan, sau ɗaya a kullum, shekara takwas ke nan. Zafi yana rage masa kwana shi ma, amma ba kamar dalma ba. Ba ruwa, ba wari, ba tsatsa a kan sandunan.

Da can na masu hannu da shuni ne. Farashin lithiyam da na farantai ya faɗi sosai a kasuwar duniya tsakanin 2023 da 2024, ko da yake faɗuwar naira ta cinye mana wani ɓangare na sauƙin. Abin da ya rage shi ne, in ka tara kuɗin tubula huɗu masu kyau ka ajiye kusa da na lithiyam ɗaya mai yunit 5, tazarar ba ta da yawa. Cikin shekara goma kuwa mai tubula zai sayi zubi uku ko huɗu, mai lithiyam yana kan na farko ko ya shiga na biyu. A nan ne maganar nan ta sayen nagari mayar da kuɗi gida take zama lissafi.

Matsalolinsa daban ne. Na farko, ba a gutsura shi, kuɗin a dunƙule ake ajiyewa. Na biyu, yana da ƙwaƙwalwa a ciki, wata na'ura da ke tsare shi daga wuce gona da iri wajen caji da saukewa da zafi. Ita ce garkuwarsa, amma ranar da ta lalace mai gyaran rediyon bakin titi ba zai taɓa ta ba, in kana nesa da babban birni sai ka yi jira. Na uku, sai inbatar ta san yarensa. Inbatoci na zamani irin na Deye da Growatt da Felicity da Victron ana haɗa su da batirin da wayar sadarwa ko a saita musu lambobin caji, tsohuwar inbatar tubula kuwa galibi ba ta dace ba, wanda ke nufin ƙarin kuɗi ga mai sauyawa.

Na huɗu shi ne mafi muni: jabu. Akwai masu tattara tsofaffin ƙwayoyin batir su zuba a sabon akwati mai sheƙi su liƙa takarda. Nemi wanda aka rubuta wa LiFePO4, shi ne nau'in da ba ya saurin kama wuta, ka guji haɗe-haɗen ƙwayoyin batirin kwamfuta. Garantin shekara biyar da ke kan kwali ba shi da amfani idan mai shagon ya tashi baɗi, don haka tambayi wa zai karɓi batirin idan ya samu matsala, a rubuta a rasit. Daren farko kuma ka gwada shi: kunna kayan da ka san abin da suke ci, ka duba awa nawa ya kai. Batir mai yunit 5 da ya kasa riƙe wat 500 na awa takwas yana da bayanin da zai yi.

## Faranti da yawa, batir kaɗan

Wannan zaɓin masu sakawa ba su cika kawo shi ba, wataƙila don ribar tana wajen batir. Ga mai sana'ar rana kuwa shi ne mafi ma'ana.

Wata baiwar Allah a layinmu tana sayar da zoɓo da kunun aya, firiza biyu gare ta. An rubuto mata lissafi mai batura takwas, ta kusa haƙura. Ƙarshe faranti shida ta saka da inbata da ɗan batir da zai riƙe wutar idan gajimare ya gifta. Firizojin suna aiki daga hantsi zuwa bayan la'asar. A ƙasan kowacce ta jera robobin ruwa, su daskare da rana, da yamma ta kashe ta lulluɓe murfin da tsohon bargo. Da safe kayan suna nan da sanyinsu. Ƙanƙarar nan ita ce batirinta, kuma ba ta neman ruwan batir. Wanda ke yin ƙanƙarar sayarwa dunƙule-dunƙule wannan ba zai ishe shi ba, tasa tana son wuta mai tsawo.

Haka abin yake ga rijiyar burtsatse. Injin jan ruwa ya yi aiki da rana kai tsaye daga faranti, ya cika tanki, da dare tankin ya ba da ruwa. Manoman rani ma da yawa sun koma wannan hanya. Tela, mai aski, mai cajin waya, mai shagon buga takardu, ƙaramin ofis da ke tashi ƙarfe biyar, duk wutarsu tana zuwa daidai lokacin da rana ke bayarwa.

Kuɗin farkonsa matsakaici ne, na gaba kusan babu, tunda abin da ke mutuwa da wuri shi ne aka rage. Rauninsa a bayyane yake: daga la'asar sakaliya wuta na ja da baya, ranar hadari ko hazo mai kauri aiki na tafiyar hawainiya. Ka kuma kula da injina masu mota, firiza da injin ruwa suna fizgar ninki uku ko fiye na wutarsu a daƙiƙar tashi, inbata ƙarama sai ta yanke. Mai walda da mai injin niƙa lissafinsu daban ne, su nemi wanda ya taɓa yin irin aikin su je su gani da ido.

Ɗan kasuwa kuma ya fara tambaya ko akwai mai sayar da wutar sola a kasuwarsu. A kasuwar Sabon Gari ta Kano, a 2018 hukumar REA mai samar da wutar lantarki a karkara ta fara shirin da kamfani ke shimfiɗa farantai a rufin kasuwa yana sayar wa shaguna wuta. Inda irin wannan ke aiki, biyan kuɗin wuta ya fi sayen kaya sauƙi ga mai fanka ɗaya da ƙwai biyu.

## Janaretan fa?

Matsakaicin janaretan fetur na gida yana shan kusan lita ɗaya a awa. Awa biyar kowane dare, lita 150 ke nan a wata. Ninka da farashin gidan mai na yau, ƙara baƙin mai da gyara, ka ninka sau 12. Wannan lambar ce za ka ajiye kusa da takardar mai sola, ita za ta gaya maka shekara nawa kuɗinka zai dawo. Amma kada ka sayar da shi. A tsakiyar damina zai cika maka batir cikin 'yan awoyi. A waje dai yake kwana, hayaƙinsa ya sha kashe iyalai a cikin barci.

| Zaɓi | Kuɗin farko | Tsawon rai | Hidima | Inda haɗarin yake |
|---|---|---|---|---|
| Ƙaramar sola | Kaɗan, ana biya sannu | Batir shekara 3 zuwa 5 | Kusan babu | Kullewa in ba a biya ba, ba ta girma |
| Tubula | Matsakaici, ana farawa da ɗaya ko biyu | Shekara 2 zuwa 4 a zafinmu | Duba ruwa duk wata | Zafi, zurfafa sha, iska mai kama wuta |
| Lithiyam | Mai nauyi, a dunƙule | Shekara 8 ko fiye | Kusan babu | Jabu, ƙarancin masu gyara |
| Faranti da yawa, batir kaɗan | Matsakaici | Faranti shekara 20 zuwa 25 | Goge ƙura | Hadari, hazo, babu wutar dare |
| Janareta | Kaɗan | Ya danganta da gyara | Mai da gyara kullum | Hayaƙi, gobara, tsadar fetur |

## Hannun da zai saka

Kaya nagari a hannun ɗan koyo asara ce, kuma yanzu duk wanda ya taɓa ɗaura soket ya zama injiniyan sola. Faranti mai wat 550 na gaskiya tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗara mita ɗaya, nauyinsa wajen kilo 27. In an kawo maka ɗan ƙarami da takardar 550 a bayansa, takardar ce sabuwa. Sunayen Jinko da Longi da Trina da Canadian Solar sanannu ne, shi ya sa su ake kwaikwaya, don haka saya a wurin dillalin da ke da adireshi. Lambar kVA da ke jikin inbata ma ba ita ce wat ba, mai 3.5kVA da yawa wat 2,800 suke bayarwa. Kwantirolar caji, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir daga faranti, nau'in MPPT ta fi nau'in PWM tsada, amma tana tatso ƙarin kashi 15 zuwa 30 daga farantan.

A yankinmu faranti kudu yake fuskanta, a ɗan karkace digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya wanke shi, da tazara tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa, tunda zafi yana rage masa ƙarfi. Inuwar tankin ruwa ko reshen darbejiya a kan faranti ɗaya tana jawo duk layin ƙasa. A ɗaure shi da ƙarfe da noti, iskar farkon damina ba ta san wayar ɗauri ba, ɓarawo ma haka. Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama tagulla mai kauri, da fis ko bireka a tsakani, siririyar waya ita ke kawo yawancin gobarar da ake ɗora wa sola. A kafa sandar ƙasa da na'urar tare tsawa. A lokacin hunturu kuma a hau a goge da ruwa da tsumma mai laushi duk mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

## Wa ya dace da wanne

Ɗalibi, ɗan haya mai ɗaki ɗaya ko biyu, da gidan ƙauye da ake son haske da caji da fanka guda: ƙaramar sola ko akwatin wuta. Ranar tashi a sa a mota. In da hali a biya kuɗin hannu.

Mai gidan kansa da ke da fankoki, firji da talabijin, wanda yunit ɗinsa na dare ya kai 3 zuwa 4: lithiyam ɗaya mai yunit 5, faranti huɗu masu wat 550, da inbatar da za ta karɓi ƙarin batir nan gaba. Idan kuɗin bai cika ba, a ganina gara a jira zubin adashi na gaba da a sayi tubula huɗu. Kafin nan a sauya fankoki zuwa masu cin wat 30, wannan kaɗai yana rage yunit ɗaya da wani abu kowane dare. Guga da jan ruwa a mayar da su hantsi.

Wanda ke samun wutar Nepa awa goma ko fiye yana neman abin cike giɓi ne kawai, ko wanda ke da tsohuwar inbata mai lafiya kuma aljihu bai kai ba, ko mazaunin garin da babu mai gyaran lithiyam: tubula biyu sun wadatar, da sharaɗin wuri mai iska da mutum ɗaya a gidan da zai ɗauki duba ruwa a matsayin aikinsa.

Mai shagon da ke rufewa da magariba, mai firizar kayan sanyi, mai burtsatse da manomin rani: a zuba kuɗin a faranti, batir ɗan kaɗan ko babu. Kemis da ƙaramin asibiti masu ajiye magani a firji ba sa cikin wannan layi, su lithiyam ne da janareta a gefe, don maganin da ya yi ɗumi dare ɗaya ya tashi aiki.

Mai son kwana da esi kuma ya shirya wa lithiyam na yunit 10 zuwa sama da faranti takwas ko fiye, ya sayi esi mai inbata, ya toshe kafofin taga da ƙofa. In lissafin ya yi nauyi, ya kunna ta da rana da farkon dare kan wutar faranti da ɗan abin da batir zai iya, ƙarfe goma sha ɗaya ya kashe ya bar wa fanka sauran daren.